Ƴaƴan Kirya a Cikin Akuya

Ina yaro, a ƙauyenmu na gefen Alela, cuta ta faɗa wa itatuwan kirya. Sai ka ga ganye ya yi ja, ɓawo ya kwaye, kafin damina ta zagayo itace ya bushe a tsaye. Babana masassaƙi ne, da kirya yake turmi da taɓarya, don haka abincinmu ne ke mutuwa. Guda ɗaya ta tsira a bakin fadama. Ya tsince ƴaƴanta ya shuka rabi, ko ɗaya bai tsiro ba. Sauran ya rataye a kwando.

Kakarmu Inna Hajo ta sauke kwandon, ta juye wa akuyarta.

Ranar Baba bai ci tuwo ba. Mu kuwa muka zagaye wutar kara kamar kullum, hayaƙi na tashi a hankali, akuyar na tuƙa a bayanmu.

"Matso nan, maigidana, raggon miji," in ji Inna, tana jan kunnena. "Ga ta nan, tatsuniya ta biyo hayaƙi."

Wai Kirya ce ta ji Cuta na tafe tana cinye ƴaƴan itatuwa. Sai ta sa wa nata rigunan ƙarfe, ta ce kada su buɗe wa kowa. Cuta ta zo ta wuce. Ruwa ya yi sallama, suka ƙi. Ƙasa ta lallashe su, suka ƙi. Uwar ta kira, ba su gane muryarta ba. Sai Akuya ta haɗiye su. Cikin duhu da ɗumi suka yi barci, suka yi mafarkin ganye, rigunan suka yi laushi.

Daga bakin ɗakinsa Baba ya ce, "Inna, tatsuniya ba ta maido iri."

"Kai dai tahi ka ɗaure akuyar ga gona. Wanga iri ba shi hita sai ya kwan cikin dabba."

Ya ɗaure ta yana gunaguni. Da ruwa ya sauka, ƙananan kirya suka leƙo daga kashin akuya. Baba ya kewaye su da ƙaya.

Kirya ba ta gaggawa. Inna ta rasu suna iya gwiwa, Baba ya tafi bai sassaƙa ko ɗaya ba. Har yau ina kewarsu. Na daɗe ina ɗauka labarin wayon akuya ne, sai da na haihu na ga yadda tsoro ke sa mutum ya kulle abin da yake so har ya hana shi tsiro. Ranar da autana zai tafi karatu Yamai, na riƙe hannunsa a tasha har mota ta cika. Sannan na sake shi.