Motar Karan da Na Hana Ta Taka Ƙasa

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai tuwo ya sauka. Da an idar da Magariba a gidanmu na Tudun Wada, takan ja 'yar kujerarta kusa da murhu, ta tura ragowar kara cikin wuta, mu jikoki mu zagaye ta da kwanukanmu a hannu. Shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ake ciki, ina wajen shekara tara, kuma a lokacin babu abin da ke cikin kaina sai mota.

Da an gama girbi, mu yaran unguwa sai mu bazama gonakin Tudun Jukun neman busasshen karan dawa. Mu feƙe ɓawon, mu yanka cikin nan mai taushi gunduwa-gunduwa, ɓawon kuma ya zama ƙusar da za ta haɗa su. Taya daga sakaina ake yanko ta, a yi ta gurzawa a kan dutse har ta zagaye. Da la'asar a haɗu gindin durumi, kowa da dogon karansa na tuƙi, a yi ta musu. Garba, wanda ya girme mu, shi ne alƙali. Ya ce motar da ba a kwaikwayo daga ta gaske ba, ba mota ba ce, akurki ne.

Ni ta gasken a gidanmu take, domin Baba direba ne. Yana jan babbar motar katako ta wani ɗan kasuwa Ibo, yakan kwashi gyaɗa ya yi kudu, sai bayan mako uku mu gan shi. Na taɓa nuna masa wata da na haɗa, ya juya ta, ya yi dariya ya ce, "Habu, wannan amalanke ce ko?" Wasa yake yi, amma maganar ta zauna mini a rai. Na ƙudura sai na yi wadda zai kalla ya ce tasa ce ba tare da na buɗe baki ba.

Kwana goma na yi a kanta. Na shafa wa bodin shuni, na baƙanta tayoyin da gawayi, na yi fitilu da takardar kwalin taba mai walƙiya. Garba da kansa ya zagaya ta sau biyu bai sami abin kushewa ba. Ina jin haka na ɗauke ta na rataye a rufin ɗakin Iya, na ce ba za ta taka ƙasa ba sai Baba ya dawo. Kullum da la'asar ina zaune gindin durumi hannu sake, ina kallon na mutane suna wucewa.

Wata maraice Iya ta dubi rufin ɗakinta, ta dube ni, ta gyara wuta. Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga wata baƙuwa ta sauka, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Mun shimfiɗa mata tabarma."

Wai wata mata ce ta sami ƙwarya mai zane, irin wadda ba a taɓa gani ba a garinsu. Ta ce wannan ta fi ƙarfin fura, ta saka ta a ragaya, ta ci gaba da damu a tsohuwar ƙwaryarta da gyartai ya ɗinke har wuri uku. In matar ta fita, sai mai zane ta leƙo daga sama ta tambayi tsohuwa labarin duniya. Nan Iya kan matse murya, ta langaɓe kai.

"Yaya, wai nono zafi gare shi ko sanyi? Yaya, kasuwa a cikin ɗaki take?"

Muka yi ta dariya har ƙanwata ta sarƙe da tuwo. Ranar da matar ta yi suna, gida ya cika, ta sauko da mai zane ta juye kunu a gaban baƙi, sai gindin ya zube, ashe ƙwari sun daɗe da cinye cikinta. A tsohuwar aka sha kunun suna. Iya ta karkaɗe zane ta ce, "Baƙuwa ta sa takalmanta. A kwashe kwanuka."

Ba zan yi ƙarya in ce na fahimci wata hikima ba. Ƙwarin nan kawai na tuna. Gari na wayewa na hau turmi na sauko da motata ina duddubawa. Lafiyarta lau. Amma da na ji ta a hannuna, sai na ce bari in tura ta daga nan zuwa zaure kawai. Daga zaure na tsinci kaina a gindin durumi.

Kwana tara muka yi muna tsere har bakin hanyar unguwar Kongo. Fitila ɗaya ta fita, shuni ya koɗe, bamba ta karkace. Taya ta fashe na musanya da wata da ba ta kai sauran girma ba, motar ta koma ɗingishi. Ranar da na ji hon ɗin Baba a bakin titi, na ruga gida. Na tura motar bayan randa na zauna kamar ban san zancen ba.

Iya ce ta tona ni. Baba na cin tuwo ta ce, "Habu, ɗauko wa ubanka gurguwar nan."

Na kawo kaina a ƙasa. Baba ya wanke hannu, ya ɗora ta a tabarma, ya tura ta a hankali. Ta yi ɗingishinta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Iya, kin ga motata! Wallahi haka na shigo da ita yau, ido ɗaya, tayar baya ta aro. Kai, wa ya faɗa maka?" Na washe baki don daɗi. Iya kuwa ta ci gaba da tura kara a wuta kamar ba ita ba.

Na girma, na yi sana'ar kafinta, na haifi 'ya'ya, tatsuniyar nan na ɗauke ta labarin ƙwarya kawai. Sai da Rabi, 'yar autata, ta sami gurbin karatu a jami'a, nan unguwar Kongo. Wurin da ko keke ba na hawa in zan je, amma na kafe na ce duniya za ta ɓata mini ita. Mako guda ina gardama da uwarta, rana ta takwas na tuna ƙwaryar Iya, na ɗauki akwatinta a ka na raka ta da kaina.

Hutun farko ta dawo ta rame, takalminta ya cinye ta gefe ɗaya, ta koyi musu har da ni. Uwarta ta ce karatu ya canza ta. Ni kuwa ina zaune ina sauraron yadda take kafewa a kan maganarta, ban taɓa ganin ta yi kama da ni kamar ranar ba.