Jakar da Ta Fi Ƙarfin Asusu

'Yata ta tsakiya ba ta iya kwana da kuɗi a hannu. Ko nawa babanta ya ba ta kuɗin tara, kafin ta kai makaranta sun zama awara. Shi ya sa na je Ƙofar Dumi wurin wata mai ginin tukwane na sayo mata asusun ƙasa. Akwai wata jakar makaranta mai zif da ta ƙyalla ido a kai a kasuwar Wunti, na ce idan ta daure za ta saya da kuɗinta.

Ta kuwa daure. Yayanta yakan tsaya a gabanta yana lasar yatsa, yana cewa, "Hajiya mai banki, yau ma azumi ake?" Sai ta murguɗa baki ta jefa kuɗinta a asusu.

Da damina ta wuce muka fasa shi, muka hau keke napep zuwa Wunti. Jakar tana nan a rataye, amma farashinta ya ƙaru. Na yi ciniki har na ji kunya. Mai shagon ya ce, "Wallahi Hajiya, ko ni ban saro ta haka ba."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Umma, ke kika ce in jira."

Kuɗin cefane na ɗaure a bakin zanena. Na taɓa su, na sake su. In na cika mata, gidan ba miya. In mun koma haka nan, na san ba za ta ƙara yarda da ajiya ba.

Muna fita muka bi ta layin masu kaji, sai na tuna mahaifiyata ba ta taɓa ajiye takardar kuɗi ba. Da sun shigo hannunta take mayar da su akuya ko kaza. Na gaya wa yarinyar haka, na ce abin da ke hannunta zai sayi budurwar kaza, in tana so. Ta daɗe a tsugune gaban keji kafin ta nuna wata ja.

A keke ta rungume kazar, fuska a ɗaure. Mun kusa Gwallaga ta taɓa ni.

"Umma, canjin da ya rage zai isa dusa?"

Na ce zai isa, gobe ma saya.

Ta ce, "A'a, mu sauka mu saya yau, kafin ita ma ta yi tsada."