Cinyar Turmi da Ƙafar Zalɓe

Shekarun baya, a shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji aka ce mutanen gungunmu, wato tsibirinmu, su kwashe su hau tudu kafin ruwa ya iso, ni saurayi ne mai ji da kansa. Abin da nake taƙama da shi kuwa cinyoyina ne. Allah Ya ba ni su kamar turame biyu, har telan Yelwa kan yi mita in na kai ɗinkin wando. Na yi karatun allo, ni ke rubuta wa mutanen gungu wasiƙa da ajami, amma da za a tambaye ni a lokacin, da cinyar na fi alfahari.

Da rani mukan yi dako a kwata, muna sauke albasa daga jirage. Aikin shi ne ka tsuguna, mutum biyu su aza maka buhu bisa gammo, ka miƙe da shi. Abokina, wanda muka tashi tare, siriri ne, ƙafafunsa kamar na zalɓe, kuma da Zalɓe nake kiransa. Abin da ke ba ni haushi, duk buhun da na tashi da shi, shi ma yana tashi da shi, ba nishi ba rawar jiki. Sai in ce masu azawa ne ke zaɓa masa marasa cika.

Wata rana muna shan fura ya ce, "Mai Turmi, ƙarfi kam kana da shi, amma da yatsun ƙafa kake tashi. Sa dunduniya ƙasa, buɗe gwiwa, riƙe numfashi, sannan ka yunƙura." Shi tun yana ƙarami a tsugune yake yini cikin jirgin babansa, yana kwarfar ruwa yana jan komar kamun kifi.

Na ce, "Yau ga zalɓe yana koya wa bijimi tashi!" Mutanen kwata suka yi dariya. Shi ma ya yi.

Ranar ƙaura da hantsi, mun gama loda kaya a jirgi, saura dutsen niƙan Inna. Gadonta ne daga uwarta, baƙi, mai kauri, tsakiyarsa ta lotsa saboda hannun mata uku. Inna ta ce, "In ba a ɗauki wanga dutse ba, ni ma ku bar ni nan."

Abokina ya zagaya dutsen ya ce mu ɗaure shi a gora mu ɗauka mu biyu. Na dubi mutanen da ke tsaye bakin ruwa, na ce, "Dutsen uwata ba ya bukatar ƙafar aro." Na naɗe gammo na tsuguna. Maza biyu suka aza mini, suka ja da baya. Inna tana bayana tana addu'a.

Na yunƙura bisa yatsuna kamar yadda na saba. Da na kai rabi sai cinyoyin nan suka kama rawa, na ji dutsen yana zamewa ta baya, ta wajen Inna. Ba wanda ya lura sai abokina. Ya yi tsalle ya banke dutsen da kafaɗa, dutsen ya kauce wa Inna, ya sauka a kan ƙafar abokina ta dama. Har yau ina jin ƙarar ƙashin.

Mutane suka sheƙo. Wani dattijo ya ce, "Kai kuma mi ya kai ka? Mutum na tashi da kayanai lafiya lau ka zo ka tunkuɗe shi!" Abokina yana kwance a ƙasa, ya ɗago ya dube ni. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke shi. Na sunkuyar da kai ina kakkaɓe gammo.

Shi aka ɗauka zuwa jirgi a madadin dutsen. Dutsen ya tsage biyu, can muka bar shi, ruwa ya rufe shi tare da gonakin albasa da kaburburan kakanninmu. A sabon gari Inna ta riƙa niƙa a dutsen maƙwabta har ta rasu. Duk lokacin da ta ga abokina yana ɗingishi sai ta kau da kai ta ce, "Ga mai karambanin da ya raba ni da dutsena." Ta koma ga Allah ba ta san shi ya raba ta da mutuwa a ranar ba.

Ɗori bai kama daidai ba. Dako ya ƙare masa, tuƙin jirgi ma haka. Ya koma gindin wata tsamiya yana ɗinke wa masunta koma, sunan Karambani ya bi shi har wajen 'ya'yansa. Nakan kai masa gero, ya karɓa ya yi godiya, mu yi hirar komai ban da wannan. Sau da yawa na jiƙa alƙalami in rubuta masa. Na rubuta wa mutane saki da biko da neman gafara, amma nawa layi ɗaya ya gagara. Haka muka shekara talatin da wani abu.

Wata damina ciwo ya kwantar da shi, aka ce a kai shi asibiti Yelwa. Hanyar mota ta yanke, sai ta jirgi, kuma daga gidansa zuwa bakin ruwa laka ce. 'Ya'yansa za su ɗauke shi na ce su bari. Lokacin cinyoyina sun zube, wandona ma sai da mazagi biyu. Na tsuguna, aka ɗora mini shi a baya. Sai na ji bakinsa a kunnena.

"Dunduniya ƙasa, Mai Turmi."

Na sa dunduniya ƙasa. Na buɗe gwiwa, na riƙe numfashi, na miƙe. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka gani? Turmin ya tafi, tashin ya zo."

A bakin ruwa, kafin in sauke shi, na juya ga 'ya'yansa da masu jirgi da duk wanda ke wurin. Na ce, "Ku shaida, ranar ƙaura ƙafata ce ta gaza. Dutsen kan Inna zai faɗa, wannan bawan Allah ya tare. Na ji ana zaginsa na yi shiru."

Yawancin waɗanda ke wurin ba a haife su ba a lokacin. Waɗanda ya kamata su ji duk suna ƙasa.

Abokina ya ce, "Na yafe tun ruwa bai rufe dutsen ba. Amma da ka faɗa tun Inna na da rai. Ita kaɗai na so ta sani." Ya numfasa. "Sauke ni, ka biya."

Bai dawo daga Yelwa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Yanzu nakan wuce samari a bayan tasha suna ɗaga ƙarfe mai siminti a baki biyu, suna tsugunawa suna miƙewa, suna auna cinya da tef ɗin tela. Ba na ce girman cinya banza ba ne, ƙarfi na cikinsa. Amma na ga babba ta ci amanar mai ita, na ga siririya ta tashi da abin da ya fi ta. Wani lokaci nakan tsaya in ce musu su sa dunduniya ƙasa. Su dubi ƙafafuna, su yi dariya. Irin dariyar da na yi ce, na san ta.

Ya ce na biya, kuma ba ya ƙarya. Sai dai in na zauna bakin tafkin bayan la'asar, ina duban wajen da gungunmu yake, ban taɓa jin an sauke mini nauyin ba.