Azumina a Ƙasar da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

Makka zuwa Jidda

Ana idar da sallar asuba na bar gidanmu na unguwar Zahir, da ƙullin kaya da gwangwanin dabino. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata da ke aiki a tashar jiragen ruwa, shi ya samo mini aikin. Wai wasu Turawa masu bincike ne gwamnatinsu ta ba jirgi da guzuri, su je ƙarshen duniya ta kudu su auna ƙanƙara, su bi sawun manyan kifayen teku, ga kukunsu ya kwanta ciwo. Ni da ban taɓa wuce Jidda ba, sai rawar ƙafa nake yi!

Inna ta riƙo hannun rigata a bakin ƙofa. "Habu, Ramadan zai same ka a can. Kada ka kuskura ka sha azumi cikin Nasara."

Na ce, "Wallahi Inna, ko ɗaya."

Lori ya yi ta jijjiga mu har Bahra, inda askari, wato soja, ya duba takardunmu, muka sha gahawa. Direba ya tambayi inda za ni, da na gaya masa sai ya ce, "Ya shaikh, Allah ya ba ka lafiya."

Jidda zuwa Kap

Har muka kai tashar Adan amai nake yi, ina dafa abin da ba na iya kallo. Daga nan cikina ya zauna, na koya wa Turawa cin shinkafa da yaji, suna hawaye suna neman ƙari. Babbansu, wani dogo da na laƙaba wa Mai Agogo, ya taɓa zama a Sudan, yana jin Larabci kame-kame. A Kap, can ƙarshen Afirka ta kudu, aka ba ni rigar gashi da takalma masu nauyin turmi. Na dubi kaina a madubi, na yi dariya har da riƙe ciki.

Cikin ƙanƙara

Bayan mun bar Kap na ga jinjirin wata da idona, na ɗauki azumi. Kullum yini sai ƙara tsawo yake yi, ni kuwa ko a jikina, don ido ya samu abinci: duwatsun ƙanƙara sun fi gidajen Makka tsawo, ga wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye suna zuwa kallonmu.

Ran nan na zauna da dabinona ina jiran magariba. Rana ta sauko, ta sauko, ta kusa taɓa ruwa, sai kawai ta bi gefe ta sake hawa! Innalillahi! Na ce bari in ƙara mata lokaci. Na dafa abincin safe, na dafa na rana, har ludayi ya fara kuɓuce mini. Na san matafiyi yana da rangwame, amma da wane ido zan dubi Inna? Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Mai Agogo ya same ni jingine da buhun albasa. "Habu, yaushe rabonka da ruwa?"

"Sai ta faɗi."

"Ba za ta faɗi ba sai bayan sallarku."

Na ce, "To shi ke nan, ku haƙa mini kabari."

Ya tambaye ni yadda muke sanin lokacin shan ruwa a gida, na ce igwa ake bugawa. Ya ɗauko littattafansa ya yi lissafi, ya saita mini agogo guda a kan lokacin Makka. Da lokaci ya yi, sai ya ɗauki bindigar da suke sa wa kifaye alama da ita, ya harba sama. Daram! Ma'aikatan jirgi suka ɗauki sowa. Na kai dabino baki, rana ƙiri-ƙiri tana kallona, ina dariya ina kuka. Haka aka yi ta buga mini igwa har wata ya ƙare.

Komowa

Da hantsi lori ya sauke ni a Zahir. Inna ba ta bari na ajiye kaya ba.

"Ka cika?"

"Na cika, Inna. Amma da rana tsaka nake shan ruwa."

Ta dafe ƙirji. Na kwashe labari na gaya mata, har na kai kan agogon. Sai ta ce, "Wato in igwarmu ta tashi nan, kai ma ka kai dabino baki?"

Na ce, "Daidai lokacin."

Ta share ido da gefen mayafi. "Ni ina nan ina kukan ɗana ba ya kusa, ashe tare muke shan ruwa."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni, ya kuma komo da ni lafiya.