Ranar da Faifai Ya Haɗiye Sunan Kawu

Komai tsufa ya ɗauke mini, ba zai ɗauke yammacin da Kawuna ya tsaya a gaban jama'ar unguwar Tudun Ƙofa ta Keffi da hannu a sama yana jiran faifai ya kira sunansa ba. Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, mu ƙananan ma'aikata an yi mana ƙarin albashi. Ni kuwa da rawar kai irin ta samari, ban sayi fili ba, ban sayi keke ba, sai na kinkimo ƙatuwar rediyo mai juya faifai.

A shekarar ne wani mawaƙi da ake ji da shi a yankinmu ya tafi Ikko aka ɗauki waƙoƙinsa. Shi ke tsara abinsa, shi ke rerawa, kuma duk zuwansa Keffi gidan Kawu yake sauka. Kawu mai sayar da yadi ne a kasuwa, mutum mai sakin hannu, sai dai Allah ya jarrabe shi da son a yabe shi. Kafin tafiyar ya ɗinka wa mawaƙin da 'yan amshinsa riguna. Mawaƙin ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, kai zan ajiye ƙarshe, da sunanka zan rufe waƙar."

Ai kuwa Kawu bai bar kowa bai sanar ba, musamman wani Alhaji mai motocin haya a Angwan Iya, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ba su da aiki sai gasa da juna. Da faifan ya iso na ce bari mu fara ji a ɗaki. Kawu ya harare ni. "Kada ka kuskura! Kunnen kowa tare zai ji."

Aka yanka rago, aka baza tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar, na jona rediyon da batirin mota. Kiɗa ya tashi, wallahi waƙa ta yi daɗi. Mawaƙi ya shiga jero masu alheri, duk wanda aka kira a wurin sai ya miƙe ya yi jinjina, mata su rangaɗa guɗa daga cikin gida. Aka kira Alhajin Angwan Iya, aka wasa shi har da motocinsa. Kawu ya gyara zama ya ce, "Bari a gama da yara tukuna."

Can sai muka ji an ambaci Tudun Ƙofa, an ambaci mai yadi, uban baƙi. Kawu ya miƙe a hankali, ya saɓa babbar riga, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama. Daidai nan murya ta fara yin ƙasa. Ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa, kamar mawaƙin ya hau mota ya tafi. Sai ƙir, ƙir, ƙir, allura ta ɗaga kanta ta koma mazauninta.

"Kai, ƙara murya!" in ji Kawu, hannu na sama.

Na ce, "Kawu, ai ya ƙare."

"Ya ƙare kamar yaya? Juya bayan, sauran na can!"

Na juya bayan faifan. Sai ga wata sabuwar waƙa, ta noman doya. Alhajin Angwan Iya ya ce, "Alhaji, sauke hannun ka huta, doya ake kira." Dariyar da ta ɓarke har mai rabon nama sai da ya zauna a ƙasa. Ni dai tausayin Kawu ya kama ni ƙwarai.

Daga baya muka gane abin da ya faru. Mawaƙin ya saba da dandali, inda ake jan waƙa har sai an gaji. Faifai kuwa lokacinsa a aune yake, da ya cika masu ɗauka suka rage murya, babu ruwansu da wanda ya ɗinka riguna.

Kawu ya yi kwanaki bai leƙa kasuwa ba. Faifai kuma ya karɓu fiye da zato, a tasha shi, a shagon tela shi, a gidan biki shi. To, mutanen Keffi da tsokana! Duk inda murya ta fara yin ƙasa, sai kowa ya ɗaga hannu, a haɗa baki a kwaɗa sunan Kawu. Da farko ba'a ce, daga baya ta zama kamar amshin waƙar. Na ji da kunnena a kasuwar Agwada, mutanen da ko fuskarsa ba su sani ba suna kiransa. Waɗanda aka ambata a ciki kuwa, ana jin sunansu ana ci gaba da hira.

Da mawaƙin ya dawo, ya durƙusa a zaure yana rantse-rantse, wai da sunan Kawu zai buɗe faifai na gaba. Kawu ya ce, "A'a, bar shi haka. Su robar faifai ke kiran sunansu, ni Keffi ke kirana."

Kawu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, faifan kuma yana nan a akwatina duk ya karce. Abin da na koya shi ne, sunan da ke daɗewa shi ne wanda mutane suka ga dama suka riƙe da bakinsu. Har yau in na saka shi murya ta fara yin ƙasa, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai na ɗaga hannu na ƙarasa masa.