Addu'ar da Inna Ta Kasa Yi

Shekarun baya, yayana mai kamun kifi a madatsar ruwa ta Zobe ya bi abokansa zuwa tafkin Chadi, wai can kifi ya fi auki. Rikici ya ɓarke, wayarsa ta daina shiga, shi ke nan.

Abin da ya fi cin ran mahaifiyata shi ne addu'a. In ta idar da salla tana jero mamatanmu, sai ta zo kansa ta tsaya. "In ce Allah ya jiƙansa, ƙila yana can yana cin tuwo. In ce Allah ya dawo da shi, ƙila yana kabari yana jirana." Kawunnanmu sun so a yi masa sallar ga'ib, ta hana.

Wata Alhamis aka kira ni wai ta yi baƙi, na baro Dutsin-Ma na nufi gida Kurfi. Ma'aikatan agaji ne, mata biyu. Suka ce an gano inda aka binne mutane da yawa, ana gwada ƙasusuwan da jikin dangi. Buƙatarsu kawai su goga tsinke mai auduga a cikin kumatunta.

Inna ta toshe baki da mayafi. "'Yan nan, azumi nake."

Ni kuwa mai sakandare na gyara zama zan yi bayanin kimiyya, na yi ta kame-kame har ta ce, "Ke, rufe mana baki, je ki tambayo Malam." Malamin maƙwabtanmu ya ce ba ya karyawa, tunda ba abin da zai wuce maƙogwaro. Sannan ta buɗe.

Na tambayi ɗayar wa ke ɗaukar nauyin wannan wahala. Ta ce gwamnatocin wasu ƙasashe masu nisa. Mutanen da ko sunan Kurfi ba su taɓa ji ba!

Damina ta wuce, wata ta kama, suka dawo. Gwaji ya nuna yayana yana cikin waɗanda aka binne.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta yi alwala, ta yi nafila, ta ɗaga hannu. Muna ji ta ce, "Allah ya jiƙan yaron nan." Ba ta tsaya ba.

 Ashe duk shekarun nan da muke cigiya, Allah ya ajiye shaidar ɗan a cikin yawun uwarsa.