Mai Rubuta Kokawar Hamdara

Jiya na ji a rediyo an ba wani lambar yabo, wai gwanin labarin wasanni a jarida. Mutumin da ke kwafar kokawa daga waya, bai taɓa taka fili ba!

Marigayi yayana ya tsufa yana rubuta wa ƙaramar jaridar garinmu kokawar ƙauye, amma ko sunansa ba su ambata ba. Yakan dawo daga Hamdara da yashi har cikin kunne, ya karanta mini, tunda ban yi boko ba.

Wata rana na ce, "Yaya, ban ga kayen ba."

Nan take ya yage takardar. "In ba ki gani ba, ban rubuta ba."

Su rataya abarsu a wuya. Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya, Ya yaba maka da kanSa.